Gidan da Babu Ɗigo a Kansa

Gidaje talatin da bakwai taswirata ta shafa wa ja a garinmu Tempanera, kuma ashirin da tara daga cikinsu babu mai kwana a ciki sai ɓeraye. Masu su suna Torino, suna Jamus, wasu suna maƙabarta. Gidanmu kuwa, inda mahaifina Teodosio da mahaifiyata Serafina suke kwana suke tashi, babu ɗigo ko ɗaya a kansa, ja ko kore. Fari fat ya fito a taswirar, kamar ba a taɓa aza tubali a wurin ba.

Ni ce Nunzia, 'yarsu tilo, kuma ni na zana taswirar. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani ofishin binciken ƙasa a Potenza. Duk kwana goma sha biyu tauraron ɗan'adam yana ratsawa ta samanmu, ya jefo siginar radar ƙasa, ya saurari dawowarta. In muka jera hotunan muka gwada na yau da na baya, rufin da ya gusa ko da kaurin farce ne sai asirinsa ya tonu. Wanda ke tsaye mu ɗiga masa kore, wanda ke gangarawa mu ɗiga masa ja. Garinmu a kan laka yake zaune, ita kuwa laka in ta sha ruwan hunturu ta ƙoshi, sai ta kama hanyar kwari da duk abin da ke bayanta.

Da hukuma ta gina sababbin gidaje a filin da ke ƙasan gari, kusa da asibitin sha-ka-tafi, sai ta ce wanda ƙasa ke tafiya da gidansa shi za a ba. Hujja ɗaya aka yarda da ita: jan ɗigo a taswirar tauraro, ko kuma safiyon gari ya gani da idonsa cewa bango ya tsage. Ƙarshen watan Yuni za a rufe jerin sunaye. Nan da nan mutanen da suka shekara ashirin ba su leƙo garin ba suka tuna da ƙaunar gidan kakanninsu, waya ta ƙi hutawa a ofishin magajin gari. Mu kuwa ba kwaɗayi ne ya sa muke so ba. Mama ta yi shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, kuma matakala arba'in da uku ne tsakanin ƙofarmu da inda mota take iya tsayawa. Duk ranar asibiti sai an nemo maza biyu sun ɗauke ta a kujera, tana rufe fuska da gyale don kunya.

Na san gidanmu yana tafiya. Tun ina yarinya nake ajiye lemo a ƙasan kicin in ga ya gangara shi kaɗai zuwa ƙofa. Amma na juya hotunan ta ko'ina, na canza lissafi, na sake, gidan ya ƙi fitowa. Na hannun dama ja, na hannun hagu ja, namu babu. Abin ya tsaya mini a rai har abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata Lahadi cikin Oktoba na je gida, washegarin ruwa. Tun daga matakala na hango Baba a kan rufi, mutum mai shekara saba'in da huɗu, ya durƙusa yana ɗaga tayil ɗin gasasshiyar laka ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da wanda ya zame, yana musanya wanda ya fashe, yana sake jera duwatsun da ake dannewa da su. Haka na taso na gan shi. In ruwa ya ɗauke, wasu maza su nufi dandali shan kofi, shi ya nufi tsani. Sau dubu na ga wannan aikin, amma ran nan ne kawai na gan shi da idon aikina, sai na zauna a kan matakala.

Tauraron ba gida yake gani ba, fuskar rufi yake ganewa. Sai rufin ya dawo masa da sigina iri ɗaya yau da gobe da jibi kafin ya iya cewa ga shi nan, ya gusa kaza. Rufin da ake yamutsawa bayan kowane ruwa kullum baƙo ne a wurinsa, na'ura kuma sai ta ɗauke shi hayaniya ta zubar. Kangayen maƙwabta babu mai taɓa su, suna gangarawa a nutse, tauraro yana biye da su. Gidan da aka fi kula da shi a unguwar shi ne ya ɓace.

Bango ma haka. Da safiyon gari, Egidio, ya zo dubawa cikin bazara, ashe Baba kwana uku ya yi yana cike tsagogi da siminti yana shafe su da farar ƙasa, don kada baƙo ya shigo ya ga gida a wulaƙance. Ya zagaya da shi ɗaki-ɗaki yana alfahari, ya ba shi kofi da biskit. Egidio ya rubuta cewa gini lafiya lau, ya yi godiya ya tafi.

A kan teburin abinci na yi musu bayani. Mama ta sa an dafa taliya da soyayyen busasshen tattasai, irin wadda nake so. Baba ya saurare ni yana tauna, sannan ya ajiye cokali.

"To Dakta, fassara mini da yaren mutane. Me kike so in yi?"

Dakta yake ce mini in zai tsokane ni, tun ranar da na karɓo takardar digiri.

"Kada ka ƙara hawa rufin nan, Baba. Ko tayil ɗaya kada ka taɓa. Hoto ashirin nake buƙata, wata takwas ke nan. Kafin ƙarshen Yuni sun cika."

"In ruwa ya shigo fa?"

"A tara bokiti."

Ya dubi Mama, ya ce ta ji abin da karatun Napoli ya koya wa 'yarta, wai a bar gida ya ruɓe don wani ƙarfe a sama ya gane shi. Ya ce kakansa ne ya ɗora gungumen da ke riƙe da rufin nan, kuma tun daga lokacin ba a taɓa tara kwano a ɗakin kwana ba. Na ce masa kakansa bai taɓa ɗaukar matarsa a kujera matakala arba'in da uku ba. Maganar ta yi nauyi, na sani, da gangan na faɗe ta. Mama ce ta raba mu. Da bakinta da ya karkace ta ce masa shekara hamsin tana bin maganarsa, wannan karon ya bi ta yarinyar.

Ya yi alkawari, amma ban yarda da alkawarinsa ba, don na san hannunsa ba ya jin magana. Kafin in tafi na ɗaure tsanin a jikin ƙarfen taga da sarƙar keke, na sa kwaɗo, na jefa makullin a jakata. Yana tsaye yana kallona.

Ruwan Nuwamba ya zo da ƙarfinsa. Ƙasa ta motsa, tayil suka fara zamewa suna buɗe baki, babu mai mayar da su. Bokiti ɗaya ya zama uku, uku suka zama bakwai, har da tukunyar da ake dafa tumatir a cikinta da kaka. Duk Lahadi in na zo sai in tarar an ja gado zuwa wani sabon lungu. Ɗakin ya fara warin danshi, burodi yana yin hunhuna kwana biyu da saye.

Abin da ya fi ruwan cin Baba shi ne bakin mutane. Tsofaffin dandali, waɗanda ya shekara arba'in yana yi wa gorin rufinsu, suka samu abin taunawa. Wannan ya tambaye shi ko ya fara kiwon kifi ne a ɗaki, wancan ya ce zai ara masa lema ya riƙa kwana da ita. Ni kuma na hana shi faɗin dalili, don in maganar ta fita za a ce ma'aikaciyar ofis tana shirya wa iyayenta hujja. Sai ya haɗiye, ya daina zuwa dandalin gaba ɗaya. Ya koma zama bakin taga yana kallon sama, in ya ga hadari sai ya tashi ya zazzage bokitai.

Ni fa a Potenza murna nake yi, kuma ba zan ɓoye ba. In na ji ruwa a kan gilashin ofis sai raina ya yi fari, don ruwa ne ke tura laka, laka ce ke ba ni lamba. A hoto na tara na gwada lissafin a ɓoye lokacin da abokan aiki suka fita cin abincin rana. Ɗigo huɗu suka fito a kan rufinmu, jajaye wur, sun fi na kowane gida a unguwar. Na buga takardar na kai masa ranar Lahadi kamar yarinyar da ta ci jarrabawa. Ya sa tabarau ya duba, ya tambaye ni ko waɗannan ƙwayoyin ne suka sa matarsa tari. Sannan ya miƙo mini takardar ya tafi ya juyar da tukunya.

Cikin Fabrairu ya kira ni a waya, abin da ba ya yi, don Mama ce mai kira. Ya ce gungumen ɗakin baya ya fara kuka, kuma kansa da ke cikin bango ya yi baƙi, in ya soka wuƙa tana shigewa. Ya ce rana ɗaya kawai yake so, ya rufe wannan kusurwar, sauran rufin ba zai taɓa ba.

"Biyu daga cikin ɗigon a wannan kusurwar suke, Baba. In ka taɓa, mun koma farko."

"Nunzia, ni katako na sani, ke hoto kika sani. Katakon nan ba zai kai Yuni ba."

"Zai kai. Saura hoto tara."

Ya ce to, ya kashe wayar. Ko Dakta bai ce mini ba ran nan. Da ya ga dama da ya aro tsani a maƙwabta, ko ya sa zarto ya yanke sarƙar keken cikin minti biyu. Bai yi ba, saboda ya riga ya yi alkawari a gaban matarsa.

A Maris aka yi kwana tara ana ruwa ba ɗaukewa. Hoto na goma sha huɗu ya shigo ranar Talata, na gan shi, na yi murmushi. Ranar Alhamis da hantsi, Baba yana ba Mama kofi a kicin, gungumen ya saki bango. Rufin ɗakin baya ya rufto a kan gadonsu da kabad da akwatin kayan aurenta. Babu wanda ya ji ciwo. Maƙwabta suka ɗauke ta a kujera cikin ruwa, suka kai su gidan ƙanwarta Addolorata, ɗaki ɗaya a hawa na biyu, can saman gari inda matakalar ta fi tamu yawa.

Da na iso na tsaya a ƙofar ɗakin ina kallon sama ta inda rufi yake a da. Abin kunya, tunanin farko da ya zo mini shi ne yanzu kam babu mai musu, gida ya faɗi, dole a sa su a jeri. Haka na gaya wa Baba. Shi kuwa yana ta tsince tayil ɗin da ba su fashe ba yana jerawa a gefen bango.

Sati biyu bayan haka rahoton Egidio ya fito. Shafi biyu ne. Ya rubuta cewa ya tarar da bokitai da tukwane tara a ɗakuna, tayil a zame an bar su wata da watanni, kan gungume a ruɓe saboda ruwan da aka ƙyale yana shiga. Ya ce watanni kaɗan kafin nan shi da kansa ya duba ginin ya same shi lafiya. Saboda haka ba motsin ƙasa ne ya kayar da rufin ba, sakacin mai gida ne. Gidan da sakaci ya kayar kuwa ba ya cikin waɗanda za a sauya wa matsuguni.

Na same shi a ofishinsa da taswirar a hannuna. Tare muka yi firamare da Egidio, na san shi tun yana cin alli. Na shimfiɗa masa jajayen ɗigon nan huɗu, na nuna masa yadda layin awon yake sauka bayan kowane ruwa, santimita biyar a wata biyar. Ya duba da kyau, don ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai irin na ofis. Ya tambaye ni hoto nawa ne. Na ce goma sha huɗu. Ya ce ai ofishinmu ne ya aiko musu da ƙa'idar cewa ƙasa da ashirin ba hujja ba ne, kuma yanzu da babu rufin, daga ina sauran shidan za su fito?

Na ɗaga murya, na ce masa duk garin nan wa bai san Teodosio da rufinsa ba? Ya ce shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Nunzia, ni ba yaro ba ne. Na ga tsani ɗaure da sarƙa. Kawu Teodosio ba zai ɗaure tsaninsa da kansa ba."

Ya ci gaba da magana.

"Ki rubuto mini layi uku, ki sa hannu. Ki ce ke kika hana shi gyara don a samu awo. In na samu wannan, kalmar sakaci ta faɗi, in mayar da maganar gaban kwamiti kafin Yuni. Ban ce lallai za su ba shi ba, amma ƙofa za ta buɗe."

Ya ƙara da cewa dole kwafin takardar ya je ofishinmu, wannan ba shi da yadda zai yi da shi. Ni ma na san abin da hakan yake nufi. Ma'aikaciya ta sa hannu a abin da take aunawa, a gidan iyayenta, a ɓoye, tana amfani da hotunan ofis. Ba a korar mutum nan take a kan irin wannan, a hankali ake yi. A karɓe aikin daga hannunka, a daina sa sunanka a takarda, a bar ka da tebur da kujera har ka gaji ka tafi. Na ce masa zan kawo ranar Litinin.

Na rubuta layi ukun, a mota ma na rubuta su, kafin in tayar da inji. A hanyar Potenza na fara ba kaina dalilai. Na ce in aka zarge ni za a zargi taswirar gaba ɗaya, gidaje talatin da bakwai su shiga ruɗani, alhali takwas a cikinsu akwai mutane na gaske. Na ce kwamitin ma ƙila ya ƙi, in yi asarar aiki a banza. Na ce in ina da albashi ai zan iya kama musu haya a ƙasan gari wata rana. Duk dalilan nan gaskiya ne, shi ya sa suka yi mini daɗin riƙewa. Amma na san wanda yake ƙarƙashinsu. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina sunana a ofishin nan, kuma ban iya sakinsa ba. Litinin ta zo ta wuce, wata Litinin ɗin ma ta wuce, takardar tana aljihun ƙofar mota.

Lahadi ta uku na hau gidan Inna Addolorata. Mama tana barcin rana, fuskarta a bango. Baba yana zaune a bakin gado da rahoton a kan gwiwarsa, ya ja layi da biro a ƙarƙashin kalma ɗaya har takardar ta huje. An riga an liƙa kwafinsa a allon sanarwa na gari, kowa ya karanta. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

Ya tambaye ni ko na ga Egidio. Na ce na gan shi. Ya tambaya ko akwai wata hanya, ko ƙarama ce, don matakalar nan za ta kashe uwata kafin kaka.

"Na yi iya ƙoƙarina, Baba. Ya ƙi. Ya ce babu abin da za a iya yi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce shi dama ya sani, 'yan gidan su Egidio tun kakansa ba sa jin roƙo. Ya ninke rahoton ya tura ƙarƙashin katifa. Sannan ya dube ni da kyau, ya ce na rame, idona duk ya zurma, kada in sa abin a raina har ya taɓa mini aiki.

"Ke kin yi naki, 'yata. Ni ne ban tara bokitin da kyau ba."

Ya tashi ya ce bari ya ga ko Addolorata ta rage mini abinci.